Sunan Da Na Ƙwata A Bakin Kakata

Ƙanena gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, abin da mu a Makka muke ce wa mukayyif. A bakin wani shago a unguwar Rusaifa 'yan jawazat, jami'an shige da fice, suka tare shi yana rataye da jakar kayan aikinsa, suka ce ina iƙama, wato takardar izinin zama. Ina zai samo ta? Ba shi da ita, ba ni da ita, babanmu ma da ta aro ya rayu. Aka kai shi gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a kora, aka ɗauki zanen yatsunsa, aka sa shi a jirgi aka sauke a Kano. Wai an mayar da shi gida. Gidan uban wa? Mutumin da aka haifa a unguwar Nakkasa, ya haura shekara talatin bai taɓa wuce Jidda ba, Hausarsa ma rabi Larabci ce. Ga ciwon suga tun yana saurayi, kullum sai ya yi wa kansa allura, ita kuma allurar sai a firji take zama.

Da ya samu aron waya ya kira ni, abin da ya fara ce mini shi ne, "Yaya, a nan kowa tambayata yake ɗan gidan wane ne ni."

Na ce, "Ka ce musu me?"

"Na ce ɗan Makka ne. Sai su yi dariya, su ce ɗan takari dai."

A barandar wani masallaci kusa da kasuwa yake kwana. Wani mai sayar da lemo ne yake ajiye masa allura a cikin ƙanƙara, ranar da bai fito ba kuwa sai dai haƙuri. Ni daga nan abin da nake iya tura masa bai taka kara ya karya ba, domin girkin biki nake bi, wani satin a samu, wani satin a zauna. Abin da yake buƙata ba ni da shi. Dangi yake buƙata, gidan da za a ce shigo, kai namu ne, a san ya ci ko bai ci ba, in ya faɗi a ɗaga shi.

Mu kuwa danginmu kaf a duniya mutum ɗaya ce, Kaka, mahaifiyar babanmu, wadda nake zaune da ita a ɗan ɗakin da muke haya a Rusaifa tun da aka rushe layinmu a Nakkasa. Ta tsufa tukuf, ƙafa ta daina ɗaukarta, amma hankalinta garau, bakinta kuma ya fi nawa kaifi. Ita ta raine mu bayan iyayenmu sun rasu, da sayar wa alhazai hatsin tantabaru. Mijinta, kakanmu ke nan, soja ne. Ya yi yaƙin Turawa a ƙasar Bama, can ƙetaren teku, da aka sallame su bai zauna ba, ya kamo hanyar gabas a ƙafa yana aiki yana matsawa. A Sudan ya gamu da Kaka, wadda iyayenta ma alhazan ƙafa ne da ajali ya riska a hanya. Suka yi aure, suka tsallako teku, suka iso Makka, aka haifi babanmu, zazzaɓi ya ɗauke sojan tun babanmu yana goye. Wani maƙwabci mai takarda ya ji tausayi ya saka jaririn cikin 'ya'yansa, shi ya sa babanmu ya tashi da sunan maƙwabcin a matsayin uba, mu ma da shi ake kiranmu. Da maƙwabcin ya rasu 'ya'yansa suka tsorata da maganar gado, suka je suka cire babanmu daga takardar, muka koma inda muka fito. A gidanmu dai ba wanda ya taɓa jin sunan sojan. Ni kuma, Allah ya sani, ban taɓa damuwa in tambaya ba, don ban ga abin da zai ƙara mini a tukunya ba.

Wani dattijo a masallacin da ƙanena yake kwana ne ya ji labarinsa, ya ce ai akwai ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji a cikin gari, suna da littattafai tun na zamanin Turawa, ya je ya gwada. Ya je. Ya tarar da magatakardansu, wani tsoho mai kirki, shi ma ya taɓa ɗaukar bindiga a zamaninsa. Tsohon ya saurare shi har ƙarshe, ya ce masa littattafan suna nan, wasu ma har ƙauyen mutum da sunan magajinsa an rubuta. Ya ce ya kawo lambar kakan ta soja, in babu, to sunansa da na mahaifinsa.

Ranar ƙanena ya kira ni cike da murna. "Yaya, halas, an gama! Tambayi Kaka kawai."

Kawai! Shi bai san Kaka ba ne, ko kuwa ya manta.

Na fara da lamba, don na san ta fi sauƙi. Na ce, "Kaka, shi Malam bai bar wata takarda ba?" Malam take ce masa, mu ma haka muka tashi muna ce masa.

Ta ce, "Ya bari mana. Wani ɗan littafi mai kaurin bango, na sallamar soja. Ya fi son sa da rigarsa."

Na matso kusa da ita. "Yana ina?"

"Na sa shi a murhu."

"Kin sa shi a ina?"

"Ke kurma ce? A murhu. Shekarar da aka yi babban kame, babanki yana rarrafe. Aka ce duk wanda aka samu da takardar ƙasar Hausa a ɗakinsa jirgin ruwa za a sa shi. Wanda ba shi da komai kuwa sai ya ce nan aka haife shi, wa zai ƙaryata? Duk matan layinmu sun ƙona nasu. Ni ce zan ajiye wuta a akwati?"

Na miƙe tsaye. Na ɗaga mata murya, abin da ban saba ba, na ce kin ƙone mu ne, Kaka, ba littafi kika ƙona ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce da ba ta ƙona ba da yanzu ba a haife ni ba balle in yi mata tsawa. Na fita na zauna a matakala na yi kukana, na share, na dawo na ɗora mata shayi. Gaskiyarta ce, kuma gaskiyar tata ba ta amfane ni da komai ba.

Saura suna. Kaka irin matan da ce, waɗanda har su koma ga Allah sunan miji bai gifta ta bakinsu ba. Mutum ya rasu tun kafin a sa wutar lantarki a Nakkasa, amma har yau "Malam" ne, ko "shi", ko "mai gidan nan", alhali gidan ma an baje shi. Da na fito mata da maganar sai ta ja gefen mayafinta ta rufe baki.

"A'uzubillahi. Ke yanzu so kike in kira shi gatsal kamar wani ɗan aike?"

"Kaka, ba kiransa za ki yi ba. Faɗa mini za ki yi, in faɗa wa jikanki."

"Faɗa da kira duk da baki ake yi."

Na ce to ni zan riƙa jero sunaye, in na zo kan nasa ta gyaɗa kai. Ta ce gyaɗa kai ma magana ce, kada in mayar da ita yarinya. Na ce ta raɗa wa maƙwabciyarmu. Ta ce wato ta tona kanta a gaban bare. Rubutu kuwa ba ta iya ba, ko na allo. Na ce to ƙauyensu fa? Ta ce a ƙasar Kano ne, ya ce akwai kuka a bakin kasuwa da karofi a bayan gari. Haba Kaka! Ko ni da ban taɓa zuwa ba na san wannan kwatancen rabin ƙasar Hausa ne. Ta ce shi ba mai surutu ba ne, ita kuma ba mai bin diddigin namiji ba ce.

Sai na koma dabara. Na tuna tun muna yara akwai mutanen da ba ta kiran sunansu, sai ta ce "mai sunan Malam". Na zauna ina lissafo su: mai gasa burodin tamis na bakin layinmu, wani mai ɗebo mana ruwa, wani ladani. Ashe duka ukun sunansu daban-daban. Na tambaye ta, ta ce yo ai Malaman da yawa, akwai shi, akwai mahaifinsa, akwai nata uban, akwai maƙwabcin da ya rufa mana asiri, duk ba ta kiransu. Wanne ne wanne? Ta ce ta gaji, in miƙo mata carbinta.

Da Nakkasa tana nan yadda take, da na bi gida-gida, da ba a rasa tsoho ɗaya da ya yi sallah sahu ɗaya da shi ba. Amma an rushe, mutane sun watse, wasu Jidda, wasu tarhil, wasu maƙabarta. Na samu labarin wata tsohuwar maƙwabciyarmu tana wajen jikokinta a unguwar Shisha, na hau tasi na je. Jikokin 'yan ƙasa ne, Hausa ta bar bakinsu. Wadda ta buɗe mini ƙofa ta dube ni ta ce, "Esh tibgi, ya hala?" wato me nake so, ta ɗauka aikin wanke-wanke na zo nema. Da ƙyar aka kai ni gaban tsohuwar. Ta gane ni, ta rungume ni, ta yi kuka, ta tambayi Kaka. Na ce mijin Kaka fa, ya sunansa?

Ta ce, "Soja mana."

"Sunansa na yanka, Hajiya."

"Ke, kowa Soja yake ce masa. Dogo ne, ba ya dariya. In ya ji ƙarar abu sai ya kwanta a ƙasa."

Abin da na samo a Shisha ke nan, sai kwalbar ruwa mai sanyi da aka ba ni a bakin ƙofa.

Ana haka ƙanena ya yi shiru kwana biyu. Da saƙon muryarsa ya shigo ina tsaka da yanka albasa, bayan azahar. Ya ce ya faɗi a kasuwa, suga ne ya yi ƙasa. Mutane sun taru a kansa suna cewa ƙwaya ya sha, wani ma ya zare masa takalmi. Da ya farfaɗo ya buɗe baki Larabci ne ya fito, aka ce aljanu ne. Ya ce, "Yaya, ba mutuwar nake tsoro ba. In na mutu a nan ba wanda zai san wa zai gaya wa." Daga nan sai kuka, ƙato da gemunsa.

Ban wanke hannu ba na shiga wurin Kaka. Na ajiye wayar a kan cinyarta na kunna. Na san mugunta ce, kuma da gangan na yi. Ta saurara har ƙarshe. Na sake kunnawa. Ta ce ya isa.

Na ce, "Kaka, mamaci ba ya jin kunya, ba ya jin yunwa. Wannan kuwa yana da rai. Ke kika goye shi. In ya mutu a bakin kwata saboda kalma biyu da ke bakinki, wallahi ba zan yafe miki ba."

Ta ture wayar daga cinyarta. Sannan ta ce in ba ta ruwa. Ta kurɓa, ta ce in rufe ƙofa, alhali ba kowa a gidan sai mu. Ta juya fuskarta bango, ta ja mayafi har goshi, ta faɗi wani abu can ƙasan maƙoshi. Tsohon mukayyif ɗinmu yana ta gurnani, ban ji ba. Ya Allah! Sai da na tashi na kashe shi, na dawo na durƙusa na ce, "Kaka, ki yi haƙuri, ban ji ba." Ta sake faɗa, nasa da na mahaifinsa, a fili wannan karon, muryarta kamar ta yarinyar da aka kama da laifi. Sunaye ne irin na kowa, waɗanda in ka kira a harabar masallaci mutum goma za su waiwayo. Ranar ba ta ci abinci ba, ba ta kuma juyo daga bangon ba sai da la'asar ta yi na kawo mata ruwan alwala.

Na tura wa ƙanena. Washegari ya kai wa magatakardan. Tsohon nan, Allah ya saka masa, ya fito da littattafan daga kabad, wasu gara ta ci gefensu, wasu ruwan rufi ya manne shafukansu. Shi idonsa ya yi rauni, ƙanena kuma boko sai na Larabci, haka suka riƙa bi layi-layi, yau kaɗan gobe kaɗan. Masu sunan farko sun fi a ƙirga. A al'adar soja ta lokacin kuma, in ji tsohon, ba kasafai ake rubuta sunan uba ba, sai a liƙa wa mutum sunan garinsa ko na babban birnin da ya fi kusa. Duk da haka suka samu mutum ɗaya da sunayen biyu suka dace, ya je Bama, ga sunan ƙauyensa a gefe.

Na yi guɗa a cikin kicin, ni kaɗai kamar mahaukaciya. Na gaya wa Kaka, ta ce alhamdulillahi ba tare da ta dube ni ba. Na ci bashi, na sayar da ɗan kunnena, na tura masa kuɗin mota. Har na fara tsara yadda zan aika wa matan gidan da dabino da zamzam ta hannun masu umara.

Ya je. Akwai kuka a bakin kasuwa, ya ɗauko mini hotonta. Aka kai shi gidan, aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo fura. Ya faɗi abin da ya kawo shi da Hausarsa mai tuntuɓe. Babban gidan ya saurara, sannan ya ce lallai kakansu ya je yaƙin, amma ya dawo, ya yi noma, ya aurar da 'ya'ya, a hannunsu ya cika, ga kabarinsa can bayan gari in yana son gani. Makka kuwa bai taɓa zuwa ba, har ya rasu yana burin ta. Mutanen kirki ne, sun ba shi abinci, sun yi masa addu'a, sun raka shi tasha. Ba wanda ya ce ya kwana.

Da ya koma wa magatakardan, tsohon ya tambaye shi abin da ya kamata a tambaya tun ranar farko: bayan an sallami kakan naka, ya zauna a gida ko na shekara guda? Ƙanena ya ce a'a, an ce gabas ya yi kai tsaye. Tsohon ya cire tabarau ya ce, to ɗana, mun wahalar da kanmu. Waɗannan littattafan ba na soja ba ne, na ƙungiya ne. Wanda ya dawo ya zauna, ya zo da ƙafarsa ya ce a rubuta shi don a nema masa haƙƙinsa, shi ne a ciki. Wanda ya wuce Makka bai taɓa shigowa ɗakin nan ba, ko sunansa ɗari ka kawo ba za a gan shi ba. Na soja na asali kuwa, in ma suna nan, da lamba ake neman mutum.

Mu 'yan Makka haka muke. Mun saba duk inda aka ce ofishi to kowa yana ciki, da yatsansa da hotonsa, mu ne kawai a waje. Bai taɓa zuwa mini a rai ba cewa akwai littafin da sai mutum ya kai kansa. Ni na ɗauka suna ne kaɗai ya rage tsakanin ƙanena da ɗaki mai ƙofa.

Ya ce mini, "Yaya, bari kawai. Kada ki ƙara sayar da komai." Ya ce an hana kwana a barandar masallacin saboda ɓarayi, zai nemi wani wuri. Na ce ina? Ya ce Allah karim. Kafin in sake magana mai wayar ya karɓi abarsa.

Kwana biyu ina kewaye-kewaye, in kai wa Kaka abinci in fito da sauri. A na ukun ina tsefe mata kai da hantsi, ta ce, "Sun karɓe shi?"

Na yi niyyar in ce eh. Wallahi har na buɗe baki. Amma matar nan ba a yi mata ƙarya, tana jin ta a numfashin mutum. Na ce, "Ba su ba ne, Kaka. Malam ba ya cikin littafin. Bai taɓa shiga ba."

"Ko da sunan?"

"Ko da sunan."

Na tsaya riƙe da matsefi. Can ta ce, "Yau a ina zai kwana?"

"Ban sani ba."

"Allurarsa fa?"

"Ban sani ba, Kaka."

Ta kai hannu ta janye kanta daga hannuna, ta laluba ɗankwalinta ta ɗaura a kan gashin da ban gama tsefewa ba.

Ta ce, "To don me kika sa na faɗa?"